Fatirar Mangwaro a Kwalin Kanti

Jiya na buɗe firiza, sai ga fatirar mangwaro, irin burodin nan na Larabawa, da na gasa tun farkon zafi tana kallona. Zufar da na sha a kanta, Allah kaɗai ya sani. Maigidana kuwa ko ɗanɗanawa bai yi ba, wai shi ta kanti ya saba ci.

Na ɗumama guda, na saka a kwalin wani gidan burodi na unguwar Aziziyya, na ajiye masa.

Ya cinye rabi yana lasar yatsu. "Maman Hanan, kin ji aikin gwanaye! Halas, ya isa haka, daina wahalar da kanki."

Na ce, "To Alhaji, na daina."

Yau kuma cewa ya yi in sayo biyu, zai kai wa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar nan.

Jama'a, in faɗi gaskiya, ko in nemo wani kwalin?