Turaren Inna da hancina

Shekarun baya, farkon zuwana Gusau da aure, na yi wata mura da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Atishawa ce ke tada ni da asuba, a jere a jere, har maigidana ya gaji da yi mini addu'a ya koma kallona kawai. Hanci a toshe, ido na zubar ruwa, baki kullum a buɗe. A makarantar firamaren da nake koyarwa yara har kwaikwayon muryata suke in na juya baya. Ƙanshi da wari kuwa duk ɗaya ne a wurina. Sai ina zaune gaban tukunya miya ta ƙone ƙurmus, ban sani ba sai maƙwabciya ta ƙwala mini kira ta katanga. Amarya guda, jama'a!

Mahaifiyata a Tsafe take, sana'arta haɗa turaren wuta, kuma ta yi suna a kai. Ni ce 'yar farinta. Wanda ya san kunyar ɗan fari a wajenmu ya san abin da nake nufi: ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko rainona ma kakata ce ta yi a Nahuce. Abin da bakinta ba ya iya faɗi, a kwalba take zubawa. Duk wanda zai shigo Gusau sai ta ba shi kwalbar turare ta ce, "A kai wa yarinyar nan." Ni kuma safe da yamma ina zuba shi a kasko, ɗaki ya turnuƙe, ina jin daɗi Inna ta tuna da ni.

Da labarin murar ya kai mata, sai ta aiko ƙanwata da wani haɗi na musamman. Wai in zuba a garwashi, in lulluɓa da bargo in shaƙi hayaƙin. Na yi kuwa, don ni akwai biyayya. Wallahi ranar na ɗauka tafiyar ce ta zo. Na fito daga bargon ina haki, na lalubo maganin ɗigawa a hanci da nake saya a kemis, wanda a lokacin ko aji ba na shiga sai da shi a jaka.

Da damina rufin ɗakinmu ya fara yoyo, aka kira masu gyara. Maigidana ya koma wajen yayansa, ni kuma na tare gidan ƙawata, wata malama Kirista 'yar Filato da muke koyarwa tare. Ita ba ruwanta da turaren wuta. Bayan 'yan kwanaki na farka wata safiya na ji ƙanshin albasa tana soyuwa. Na zauna bakin gado ina ta shaƙa kamar wata sabuwar mahaukaciya.

Ƙawata ta leƙo ta ce, "Malama, tun shekaranjiya ban ji atishawarki ba. Me kika baro a gidanki da ba ki zo da shi nan ba?"

Na yi dariya na ce mijina ne kawai. Amma ranar da na koma gida na kunna kasko, hayaƙin bai gama zagaye ɗakin ba hancina ya rufe ruf. Nan na gane turaren ne. Ƙawata ta ja ni asibiti, likita ya duba ya ce jikina ne ba ya shiri da hayaƙin, kuma maganin ɗigawar da na mayar abinci shi ma yana ƙara toshe hancin. Ya ce in bar su duka biyun, ya rubuta mini na fesawa da ƙwayoyi, ya koya mini wanke hanci da ruwan gishiri mai ɗumi. Kafin damina ta wuce na zama mutum.

Saura faɗa wa Inna. Maigidana ya ce, "Ki gaya mata mana, ai lalura ce."

Na ce, "Kai ka gaya mata."

Ya ce, "Ni? In dubi surukata in ce turarenta ke sa matata ciwo? A'a, ki rufa mini asiri."

Haka kwalabe suka ci gaba da zuwa, ina jera su a sito ba tare da na buɗe ba. Matsalar ita ce, a gidana lafiyata lau, amma da na taka Tsafe sai ciwon ya dawo sabo, don ɗakinta ko bango ya sha turare. Ita Inna ba ta taɓa ganina da lafiya ba. A ganinta ciwo na cin 'yarta, an rasa magani.

Ana haka aka yi haihuwa a gidan gwaggona a Bungudu, muka haɗu suna. Mata duka ɗaki ɗaya muka kwana, Inna ta zo da turarenta mafi kyau ta cika ɗakin da shi don girmama maijego. Gari ya waye idanuna sun kumbura, numfashina na fita da ƙara. Wanzamin da ya zo askin jariri yana tsakar gida bai tafi ba. Gwaggo ta dube ni ta tafa hannu.

"Ɗiyar ga beli ne ya sauko mata! Mi ake jira? Ga wanzami Allah ya kawo, a cire shi a huta."

Na ce, "Gwaggo, a bari in koma Gusau, ina da magani."

Ta ce, "Maganin asibitin da kika shekara kina sha? Ga ki nan kamar kazar da ruwa ya doka."

Na juya wajen Inna, don na san ba ta sa baki a maganata gaban mutane, kuma in ta yi shiru zan samu hanyar zamewa. Sai na ji ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "A cire."

Kafin in ankara an shimfiɗa tabarma, an zaunar da ni, mata biyu sun dafe kafaɗuna. Wanzami ya buɗe zabirarsa ya fito da wani lanƙwasasshen ƙarfe na yanke beli a maƙogwaro da ɗan itacen danne harshe, ya sa aka kawo toka da ruwa. Ni da ko allura sai an lallashe ni! Ga shi hancina a toshe, da baki kaɗai nake numfashi, bakin kuma shi za a cika da jini. Na dubi matan da suka kewaye ni, rabinsu masu sayen turaren Inna ne. In na yi magana na kunyata ta gaban masu cinikinta. In na yi shiru a yanka ni a banza.

Wanzami ya durƙusa ya ce, "Hajiya, buɗe baki. Yanzu-yanzu za a gama."

Na buɗe bakin, amma magana ce ta fito. "Inna, ba beli ba ne. Turarenki ne. Likita ya ce hayaƙinsa ne jikina ba ya so."

Gwaggo ce ta fara salati, ta ce, "Ke! Uwar taki kike faɗa wa haka?" Inna ta ɗaga mata hannu. Sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun daminar bara."

"Waɗanda nake aikowa fa?"

"Suna nan a ajiye. Ban buɗe ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da kaskon, ta kwara masa ruwa, ta ce wa wanzami, "Malam, mayar da kayanka." Ko abincin suna ba ta tsaya ci ba, ta ɗauki mayafinta ta koma Tsafe.

Daga ranar kwalba ta daina zuwa. Wata da watanni ba saƙo. Hancina a buɗe, amma ba na barcin kirki, kullum ina tunanin na toshe hanya ɗaya tilo da take yi mini magana. Da ƙaramar salla ta zo na ce ko me za a yi sai na je. A mota har addu'a nake Allah ya sa ta amsa gaisuwata.

Na yi sallama na tarar da ƙofofi a buɗe, labulaye da zannuwan gado a kan igiya. Na ja numfashi, ban ji komai ba sai sabulu. Ƙanwata ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa tun da Inna ta ji zan zo ta kwashe kayan haɗinta kaf ta kai gidan maƙwabta, ta wanke ɗakin har bango, masu zuwa sayen turaren salla kuma ta ce su dawo bayan na tafi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon gefe, ta ce, "Shiga, ɗakin ya sha iska." Na shiga na yi kuka mai isata, da hancina a buɗe.

Yau lafiyata ƙalau. Ina wanke hancina, ina gudun hayaƙi, in ciwon ya motsa in koma asibiti. Duk mai murar da ta ƙi tafiya, ya duba abin da yake shaƙa kullum a ɗakinsa, ya je a duba shi, kada ya bari a kai shi gaban aska.

Sai dai akwai abin da har yanzu yake taɓa ni. Yanzu da nake jin ƙanshin komai, ƙanshin mahaifiyata ne kaɗai ba ni da rabo da shi. Gidajen ƙannena duk suna tashin turarenta, ni kuwa in za ta zo wurina kayan da ba su taɓa ganin kasko ba take sawa. Tana zama nesa kaɗan, sai can ta tambayi maigidana, ba ni ba, "Tana dai numfashi sosai ko?"