Kunun Kanwa a Murfin Kwalba

Shekarar da na haifi ta biyu, mu biyu muka yi jego a gidanmu na Daura, ni da wata 'yar tsuntsuwa.

Maigidana ne ya sayo ta tare da namijinta a kasuwar Mai'adua, inda yake zuwa sarin tumaki. Irin ƙananan tsiryar nan ne da ake ajiyewa a keji, namijin shuɗi, macen koriya da ɗan rawaya a ka. Ya huda duma ya rataya musu a ciki, wai ɗakin amarya. Macen kuwa ta ɗauki abin da gaske. Ta yi ƙwai biyar ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ko gashi ba su gama ba ta sake zubo shida. Ya rabar da su ga abokansa, ta koma ciki ta fara na uku. Shi murna yake yi, yana cewa mai albarka ce. Ni dai ban taya shi murna ba, don ɗan farina ko tafiya bai ƙware ba na haifo masa ƙanwa, na san yadda irin wannan albarkar take a ƙugu.

Bayan suna da kwana biyu maigida ya loda raguna ya yi kudu. Washegari da safe na tarar da macen a ƙasan keji, ta kumbura gashi, ido a lumshe, jela tana sama tana ƙasa da kowane numfashi. Na ɗauke ta na ji ƙashin ƙirjinta kamar bakin wuƙa. Namijin yana can saman sanda yana waƙa.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, mu matan aure duk mun koma Islamiyya, kuma malamarmu ta taɓa gaya mana duk dabbar da ka kulle hakkinta yana wuyanka, za a tambaye ka. Ni daga aji huɗu na tsaya, abubuwa da yawa suna shiga su fita, amma wannan ya zauna daram. Sai na riƙa hango kaina ranar hisabi a gaban duk halitta, ga wata aba da ba ta kai tafin hannu ba tana nuna ni da fiffike.

Abin da aka yi mini shi na sani, shi na yi mata. Na tsiyaya kunun kanwata a murfin kwalbar lemo na ajiye mata. Na barbaɗa mata yajin jego a kan gero. Ta dubi kunun, ta juya mini baya. Na ce to, saura wanka. Na tsinko ganyen darbejiya uku na ɗaure da zare, na ɗebo tafasasshen ruwa a kofi.

A nan Kaka ta kama ni. Kakar maigidana ce, daga Baure ta zo don ta yi mini wankan jego, tsohuwa mai kaji da zabi fiye da yadda take iya ƙirgawa.

"Ke 'yar nan, me za a yi da ruwan zafi?"

"Wanka zan yi mata, Kaka. Jego take yi."

"Tsuntsu da ruwan zafi ai figa ce. Ɗauko albasa mu ƙarasa aikin mana."

Ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi. Ni kuwa kuka na fashe da shi, na gaya mata zancen malama. Da ta ga da gaske nake, ta share ido ta karɓi tsuntsuwar, ta kifa ta a tafi, ta lalluba mararta da ɗan yatsa. Ta ce ƙwai ne ya maƙale, ta sha gani a kajinta. Ta tsoma gashin kaza a man gyaɗa ta shafa mata a wurin. Ruwa dai ta hana, amma ta yarda a rataye kejin a ƙusar bangon makewayi, nesa kaɗan, inda tururi zai riƙa kai mata.

Haka muka yi wankan yamma tare. Kaka tana tsoma ganye a tukunya tana fyaɗa mini a baya, ina ihu, tsuntsuwa tana kallona da ido ɗaya. Kaka ta ce in dubi wadda ta yi ƙwai goma sha wani abu ba ta tara wa kowa jama'a ba.

Da gari ya waye ga ƙwan a ƙasan keji, laushi tuɓus, ba ɓawo. Kaka ta ce ƙashin jikinta ne ta ƙarar a ƙwai. Ta gasa ɓawon ƙwan kaza, ta daka, ta gauraya da gero da ɗanyen zogale. Ta cire duman ta jefa a murhu. Namijin kuwa ta kife shi da kwando a ɗaya gefen tsakar gida. Ya dinga kira, ita ma tana ƙoƙarin amsawa da ɗan ƙarfin da ya rage mata, sai na ɗaura tsohon ɗankwalina ya zama labule. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce lallai Shari'a ta kafu, har tsuntsaye an raba maza da mata.

Kwana biyar tana ɗan tsattsagar geron amma ba ta bar ƙasa ba. Ina shayarwa ina leƙen keji. Na ƙona miya sau biyu. Kaka ta ce da ina duba jaririyar rabin yadda nake duba tsuntsuwa da tuni ta fara zama.

Maigida ya dawo ya tarar da shuɗinsa a ƙarƙashin kwando. Ya ce a mayar da shi, akwai wanda ya yi wa alkawarin 'ya'ya.

"Sai ta yaye," in ji Kaka.

"Haba Kaka, tsuntsu ake yayewa?"

"Shekara biyu cur. Da ita da waccan." Ta nuno ni da baki. "In ka matsu akwai wani kwandon, ja'iri."

Ya sosa ƙeya ya ce bari ya je masallaci, alhali ko kiran salla ba a yi ba.

Kwana goma sha biyu tsuntsuwar ta yi a ƙasa. Ranar na sha uku ina shanya, na juyo na gan ta a kan sanda, tana tangaɗi amma tana riƙe. Na ɗaga wa Kaka hannu. Ta zo ta zura yatsa don ta ji ko ƙirjin ya ciko. Tsuntsuwar ta kama yatsan ta gartsa masa cizo har da jini.

Kaka ta tsotse wurin ta tofar.

"Ta warke, 'yar banza. Je ki duba miyarki."