Maganin da Ake Kira O-Es

Shekarar da sojoji suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, fukar Inna ta tashi gadan-gadan. Da can in na kai ta asibiti, ƙwaya ake ƙunso mata a takarda, mu dawo tana yi mini faɗan gudu da keke. Wannan karon malamin asibiti ya yi wani rubutu kamar tafiyar tsutsa a katinta, mai ba da magani ya ƙara baƙi biyu a gefe, O da S, ya ce, "Na gaba!" Ba a fita da katin, sai na kwafe baƙi biyun da na iya karantawa. Ni da firamarena, ganin kaina nake ɗan boko.

Kwana uku ban zauna ba. Na bar rake a gona ba sara, na taka keke daga Dandamisa zuwa kasuwar Makarfi, washegari Kudan. Kowane mai kemis ya jujjuya takardar ya ce bai san shi ba. Wani mai tallar magani a faranti ya rantse yana da shi, ya miƙo mini kafso irin na masu ciwon baya. Saura ƙiris in kife masa farantin.

A Ikara aka nuna mini shagon wata dattijuwa Kirista, 'yar kudancin Kaduna, tsohuwar nas. Ta duba takardar, ta cire tabarau.

"Ɗana, wannan ba magani ba ne. Turanci ne a taƙaice. Nufinsu babu, ya ƙare."

"To Mama, na fuka aka rubuta wa mahaifiyata. Ina zan samu na gaskiyar?"

"Daga ƙasar waje ake kawo irinsa. Tun da aka karya darajar naira masu odarsa suka janye. Sai manyan kemis na Kaduna, su ma masu hali suke ajiye wa."

Kunya da haushi suka turnuƙe ni. Ashe kwana uku ina yawo da "babu" a aljihu, ina tambayar kuɗinta.

Na iske Inna jingine da bango, tana jan numfashi da ƙyar.

"An dace?"

Na ce sun ce a dawo.

"To adana takardar, kada ta jiƙe," in ji ta. "Tunda yana da wuyar samu, mai ƙarfi ne."

Har ta rasu da damina ban gaya mata ba.