Tsirkiyar Jitar Baba

Mahaifina makaɗin rok ne, irin kiɗan Turawa, kuma na fi shekara talatin ina ɓoye wannan magana. Su huɗu ne a Kaduna, tun kafin a haife ni: shi da jita, kawuna da ganguna, wani Ibo mai waƙa, da wani ɗan Gana mai jitar bas. Faifai ɗaya suka taɓa yi. Ɗan Gana ya koma gida ba a sake jin ɗuriyarsa ba, mawaƙin ya rasu a hatsarin mota, Baba ya je Makka ya dawo ya ɗora jitar a kan kwaba.

Ni ɗan fari ne, don haka bai taɓa faɗin sunana ba, ba ya kuma neman komai a wurina kai tsaye. Ina aiki a wani ofishin aika kaya a kasuwar Murshid, can ƙasar Larabawa, a shekarar 2019, kawu ya bugo ya ce tsoho na son tsirkiyar jita, ta gidan ta yi tsatsa. Wai so suke su biyun da suka rage su kaɗa ko sau ɗaya ne kafin yatsu su ƙi.

Ranar na saya. Amma a wurinmu ba a ɗaure kwali sai an zazzage shi a gaban kowa, alhazan Kano na zaune suna shan shayi, suna tambayar na wane ne. Ni da nake ja musu sallar Azahar, in ce ubana ne zai kaɗa jita? Na kai ta ɗakinmu a unguwar Al Nahda na cusa a akwati, na ce sai na zo da kaina. Girman kai ne kawai, don tsirkiyar ko aljihu zai ɗauke ta.

Sai annoba ta zo, aka rufe filayen jirgi. Baba ya rasu ana azumi, a waya na karɓi gaisuwa.

Bayan sadakar bakwai na yi ƙarfin hali na tambayi kawu ko Baba ya yi fushi da ni. Ya ce duk Juma'a sai ya sauke jitar ya goge, amma ya hana a sake tuna mini.

"Cewa yake, ku ƙyale wancan, aiki ne ya yi masa yawa a ƙasar mutane."

Har yau ban gaya wa kawu gaskiya ba. Kunya ta hana ni, kuma zuciyata ba ta daina ciwo ba.