Kawu Altine da Ba'amurkiyarsa

Duk wanda ya san Kawu Altine ya san ba ya ajiye mota sai a kan gangare. In aka gayyace shi suna ko ɗaurin aure, kafin ya tambayi rana sai ya ce, "Ƙohwar gidan da gangare?" In aka ce babu, to sai dai ya aika da goro da addu'a. Dalili kuwa, motar ta daina tashi da makulli tun ina saurayi. Sai an sake ta ta gangara, ko a samu majiya ƙarfi su tura. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shagon ɗinkina kuma yana bakin kasuwar Boɗinga, daidai inda ƙasa ta kwanta shamɓal. Ciwon bayan nan da nake fama da shi, likita ya ce keken ɗinki ne. Ni dai na san mai laifi.

Motar wata zungureriya ce ƙirar Amurka, ya saye ta a gwanjon wasu 'yan kwangilar hanya. Ba'amurkiya yake ce mata. In ta tashi, tun daga Sifawa ake jin gurnaninta, awaki su watse, mata su kwashe shanya saboda hayaƙi. Shi kuwa gogan yana ciki ya karkace hula, gwiwar hannu a taga.

Abokin gardamarsa shi ne amininsa, Alhaji Ummaru na Shagari, dillalin albasa, mai wata a-kori-kura 'yar Jafan wadda ba ta san hutu ba. Duk ranar kasuwa a bencin shagona suke zama, su hana ni jin masu kawo ɗinki.

"Altine," in ji Alhaji, "wagga taka ba mota ba ta, rijiya ta. Man da ta ka sha zuwa Dingyaɗi, tawa Sakkwato za ta kai da shi ta komo."

"Awo, ci alamar lahiya na! Taka da ba ta ci, ka kai ta a duba, ƙila shawara ag gare ta."

Wata shekara wani ɗan ƙarfe ya karye a injin Ba'amurkiya. Aka zaga Sakkwato kaf babu, aka aika Kano babu. Ta yi damina guda a kan duwatsu, har kaza ta yi ƙwai a kujerar baya ta ƙyanƙyashe. Alhaji ya samu abin faɗi.

"Kayan gyaran tawa, ko mai shayi ka tambaya shi nuna maka inda aka saida su."

"To mi yas sa sunka yi yawa? Don kullum ba ta da lahiya! Tawa waɗanda sunka ƙera ta ba su sa ran ta lalace ba, shi yas sa ba su aiko da komi ba."

"Injina bai taɓa kwana wurin makaniki ba."

"Nau ya girme naka da shekara goma."

"Rabinsu a kwance yay yi su!"

"Hutu na, Ummaru. Kai ma da kana hutawa da ba ka yi hurhura haka ba."

Kai, Kawu! Ba a kayar da shi a magana, ko da gaskiya ta zauna masa a ka. Ni kaina na taɓa cewa ya sayar da ita ya sayi ƙarama 'yar Jafan, kowa ya huta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce ashe 'yar'uwarsa gwangwani ta haifa. Sallar nan a wurin wani tela ya yi ɗinki.

Amma a faɗi gaskiya, Ba'amurkiya ta taɓa yin rana. Wata damina motar Alhaji ta kafe a laka cikin fadama, shaƙe da buhunan albasa, ga hadari ya haɗo. Aka yi turin duniya ta ƙi. Kawu ya zo ya ɗaura igiya, ya taka mai sau ɗaya, ta fizgo ta kamar an cire ƙaya. Shi ke nan sai a kwance igiya ko? Ina! Ya ƙi tsayawa. Haka ya ja Alhaji har cikin kasuwa, ya zaga da shi ta layin mahauta, ya dawo ta layin masu hatsi, Alhaji na ta oda yana ihu, "Altine, lahiyarta lau, tsaya!" Da ya ga dama ya tsaya, sai ya fito ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a ku shaida. Ni Altine, 'yar Jafan ba ta ɗaukata, ba ta kuma jan motata, har in koma ga Allah."

Ya kuwa riƙe maganar nan. Sakkwato ma in motarsa na kwance, gara ya fasa zuwa.

Ranar da ciwon ƙirji ya kayar da shi, da hantsi ne. Muka tura Ba'amurkiya har numfashinmu ya ƙare, ko tari ba ta yi ba. Kafin azahar Alhaji ya iso daga Shagari, ya shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kura. Kawu ya dube ta ya kau da kai. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Wallahi tsoro ne ya kama ni, don leɓɓansa sun fara bushewa. Sai Alhaji ya miƙe. Ya je ya ɗauko igiya ya ɗaura wa Ba'amurkiya, ya buɗe ƙofar direba.

"Ja na za ka yi, Ummaru?"

"Wa ka jan giwa? Gaba za ni shiga, kai ka koro ni."

Kawu ya ce, "To ka yi sauri, kar in take ka."

Muka ɗora shi a kujerarsa. Ya kama sitiyari, ni kuma na zauna gefensa. Muna wuce Sifawa ya kamo hannuna ya ɗora a kai, bai dube ni ba, ya ce, "Riƙe, amma kar ka saba." Duk wanda muka wuce a hanya sai ya ɗaga masa hannu da kyar, yana nuna motar Alhaji: "Ku gan ta, gudu ta kai!"

Kwana biyu ya yi a asibiti. A Sakkwato aka yi masa sutura.

Bayan an watse, Alhaji ya sake ɗaura igiya, na zauna a sitiyari muka kamo hanyar gida. A bakin kasuwa wani mai faci, da bai ji rasuwar ba, ya kwashe da dariya ya ce, "Alhaji, yau dai 'yar Jafan ta ja ta!"

Alhaji ya tsaya, ya leƙo, hawaye har gemu. "Ƙarya ka kai. Koro ni tay yi tun daga Sakkwato."

Allah ya jiƙan Kawu Altine, ya yafe masa, ya sa can ta fi masa nan. Shi kuma Alhaji, Allah ya ba shi haƙurin zama shi kaɗai a bencin nan. Amin.