Masu Gadin Ƙofar Mace

Ni mai kitso ce, ko in ce na taɓa zama. Gidanmu na nan kusa da Tsamaye, kuma a da tun da hantsi mata ke cika shi, wagga da goyo, waccan da ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Ban cika fita ba. Gari ne ke zuwa ya same ni bisa tabarma, ya ɗora kai a cinyata. Wadda ta haihu, wadda ta yi yaji, wanda ya saida bijimi, duk a kunnena suke ƙarewa.

Maigidana yakan tafi ci rani kudu da zarar gero ya shiga rumbu. Wata shekara ya dawo da tari da rama, bai ga shuka ta gaba ba. Allah ya jiƙan shi, ban riƙe shi da komi ba. Da na fita takaba aka auna jinina a asibiti, aka ce ina ɗauke da ƙanjamau. Ban san wanda ya kai labarin cikin gari ba. Babu wadda ta zage ni. Sai dai wagga ta ce kanta na ciwo, waccan ta ce an yi mata kitso wurin biki. Daga baya na ji cewa mashacin da nake taje musu kai suke tsoro.

Man shanun kitso ya tsufa cikin ƙoƙo. Hannuna bai saba zama banza ba, sai in tsinci kaina ina kitse bakin tabarma. Bakina ma haka. Na koma ba akuya labari, ita kuwa ba ta da abin ƙarawa.

Abin da ya rage mini shi ne katanga. Bayanta akwai maƙwabciyata, yarinya ce a kaina, ni na yi mata kitson amarci. Da can ta kan katangar nan muke miƙa wa juna gishiri da wuta. Yanzu sai dai in ji ta. Daga saukar taɓarya nake gane ko ta tashi da fushi ko da walwala.

Can asibitin da nake karɓar magani akwai wata malama mai haƙuri da surutuna. Wata rana na tambaye ta, “Ɗiyata, gaya mini gaskiya, mashaci na ɗaukar abin ga?”

Ta yi dariya ta ce, “Inna, ke da mashacin nan. Ba ta kitso yake shiga ba. Ƙofa gare shi.”

Ta ce a jikin mutum akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, aikinsu gadi. A jikin mace wasunsu na zaune nan gabanta, bakin hanyar mahaifa, suna tare duk wata cuta da ta taho. To wagga cuta ba ta gudun masu gadi. Su take nema. Cikinsu take shiga ta zauna ta hayayyafa, daga nan ta bi jini.

Na ce, “Kenan mai gadin ne ke buɗe mata.”

Ta ce, “Ba da son shi ba, Inna. Kuma in mace na fama da sanyi, ƙaiƙayi ko ƙuraje, masu gadin na taruwa wurin da yawa don su yi faɗa. In cutar ta zo lokacin, ta samu abin kamawa a tare. Masu cusa alif ko kanwa don wurin ya bushe, fatar suke tsagawa, su ƙara kiran masu gadi.”

Na dawo bisa kabu-kabu ina juya maganar. Na tausaya wa waɗannan bayin Allah da ke tsaye a jikina ban taɓa sanin su ba. Amma babu wanda za ni faɗa wa.

Rani ya yi nisa, maza sun kusa dawowa gyaran gona, sai na ji uwar mijin maƙwabciyata na yi mata magana ƙasa-ƙasa bayan katanga. Yarinyar na cewa ƙaiƙayi ya hana ta sakat. Tsohuwar ta ce ta jiƙa bagaruwa ta zauna ciki, ta sa ɗan alif, kafin maigida ya iso ta gyaru. Mijin yarinyar kuwa gari ɗaya suke ci rani da marigayi. Ban san yana da wani abu ba, ban ce yana da shi ba. Abin da na sani shi ne zai tarar da ƙofa a tsage, masu gadi a tare.

Na kwana biyu ina auna abin. In na yi magana, ta san ina sauraren gidansu, ƙila har sautin taɓaryar in rasa. Wata la'asar na ji tsohuwar ta fita gaisuwa. Na kife turmi na hau, na leƙa. Yarinyar na tankaɗe.

“Ƙanwata, sannu da aiki.”

Ta ɗago a razane. “Yaya, lafiya? Sauko kada ki faɗi, da girmanki.”

“In na faɗo gidanku za ni faɗo, ki ɗauke ni.”

Ta kusa dariya, ta haɗiye. Na faɗa mata duk abin da malamar ta gaya mini, masu gadi da ƙofa da alif. Na ce ta je a ba ta maganin sanyi kafin ya dawo, a auna ta, in ya zo ta lallaɓa shi shi ma a auna shi.

Fuskarta ta canza. “Mi kike nufi da mijina?”

“Ba na nufin komi da shi. Nawa ma mai salla ne.”

Ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki. Na sauko daga turmi.

Bayan nan gidansu ya yi mini shiru. Ta maida turminta can ƙuryar gida inda ba na ji sosai. Na ci gaba da shan ƙwayata bayan sallar asuba, ni da akuya.

Sai wata safiya na ji kabu-kabu ya tsaya ƙofarsu, na ji tana ce wa tsohuwar za ta garin Isa duba wata 'yar uwa, ga shi hanya ba ta cika lafiya ba. Na san ba ta da kowa a Isa, amma can asibitin yake.

Ana gab da ruwan fari ina shanya, na ji muryarta jikin katanga, ba ta leƙo ba.

“Yaya, kina nan?”

“Ina za ni?”

“Na shanye maganin. Sun auna ni, ba ni da shi. Shi kuma in ya huta za ni yi mishi magana.”

Na ce alhamdu lillahi. Na ci gaba da shanya. Can ta ce, kamar da kanta take, “Kitson ga nawa ya tsufa.” Sai na ji tafiyarta.

Ba ta zo ba tukuna. Na dai wanke mashaci, na narka sabon man shanu, kuma kowace hantsi nakan shimfiɗa tabarma a inuwar katanga.