Miyar Korin da Kerryn Ta Kai wa Uwarta

Ranar da Sangwan ta cika kwana tara ba ta sa abin kirki a cikinta ba, likitan gidan kula da tsofaffi ya kira 'yarta Kerryn ofis, ya yi mata magana ba ɓoye-ɓoye. Ko dai tsohuwa ta koma cin abinci da bakinta kafin Litinin, ko a zura mata robar abinci ta hanci, ko kuma a ƙyale ta ta tafi a hankali. Kerryn ce za ta sa hannu a takarda, tunda ita kaɗai Sangwan ta haifa. Ran Juma'a ke nan da yamma. Ta fito ta zauna a mota, zafin Darwin na watan Nuwamba yana dafa ta, ta kasa ko murɗa makulli.

Abin takaici ne a ce yunwa ce za ta ga bayan Sangwan, matar da ta ƙare rayuwarta tana cusa wa mutane abinci ko sun ce sun ƙoshi. A wani ƙauyen manoman shinkafa na lardin Suphan Buri, can wata ƙasa a tsallaken teku, aka haife ta, ita ce ta bakwai cikin tara. Tana da shekara ashirin da shida ta biyo Des Pritchard, direban tirela, zuwa Darwin, da akwati ɗaya da turmin dutse na kakarta naɗe a zani, ta rungume shi kamar jariri har ma'aikatan filin jirgi suka taru suna kallo. Shekara goma sha tara ta yi tana guga a ɗakin wankin wani otal. In lokacin mangwaro ya zo ta tafi gonakin Humpty Doo zuba shi a kwali, ranar Lahadi kuma ta kasa barkono da ɗoɗɗoya a kasuwar Rapid Creek. Des mutumin kirki ne, ba ya magana sai dole. Har ya mutu bai iya cin miyarta ba sai da hawaye da majina, amma bai taɓa barin saura a faranti ba.

Ba ta da gida na a zo a gani, ba ta da boko. Abin tinƙahonta ɗaya ne: tunda take, ba ta taɓa sayen dakakken kayan kori na kanti ba. Duk Asabar za ta zauna a ƙasan kicin ta harɗe, ta jiƙa busasshen barkono, ta yanka citta da tafarnuwa da ɓawon lemun tsami, ta kawo daddawar jatan lande, ta yi ta daka har maƙwabta su san Asabar ta yi. Takan ce mace mai sayen na kanti da ke zuwa a roba, ko dai hannunta ya karye ko zuciyarta ta mutu.

Ita kuwa Kerryn ci kawai ta iya. Tana yarinya ƙwallo ce a gabanta, da ta girma aiki ya ɗauke ta zuwa Perth, shekara goma sha biyar. Duk zuwan da ta yi hutu uwar takan ce, “Zo ki zauna ki gani,” ita kuma ta ce, “Bari sai gobe, Mae,” wato Mama da yaren uwar. Sai da maƙwabta suka tsinci Sangwan a bakin titi ba takalmi, tana neman hanyar gonar ubanta, sannan Kerryn ta tattara ta dawo. Ciwon mantuwa ya fara da cinye Turancin tsohuwa, ya mantar da ita Des, daga baya ya haɗa da Kerryn ɗin kanta. Wata takwas ke nan rabon da uwarta ta kira sunanta.

Ran Asabar da safe Kerryn ta jawo turmin daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta tsaya a kansa tana kallo. Ko abin da ake fara zubawa ba ta sani ba. Ta mayar da shi, ta nufi kantin Pa Prathum, tsohuwar aminiyar uwarta da take kira Pa, wato Goggo, mai sayar da kayan miyar mutanensu.

“A'a! Yau wace rana!” in ji Pa Prathum daga bayan kanta. “Baturiyar Perth a kantina? Ɓatan hanya kika yi?”

Kerryn ta haɗa tafukan hannu ta gaishe ta. “Pa, Mae ta daina cin abinci.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohuwar. “Tun yaushe?”

“Kwana goma yau.”

“Kwana goma, kuma sai yau nake ji? Kai, 'ya'yan yanzu! Me suke ba ta a can?”

“Markaɗaɗɗen dankali da niƙaƙƙen nama. Da kunu.”

“Tir! Ko karen gidana ba zai shinshina ba. Matar da ke cin barkono kamar gyaɗa za a bai wa abincin jarirai?”

“Jar miyar kori nake so in yi mata, ta kaza.” Kerryn ta yi ƙasa da murya. “Ki ba ni na roba.”

Pa Prathum ta dube ta ta saman tabarau. “Na roba. A gidan Sangwan. Da tana cikin hayyacinta, da taɓarya za ta biyo mu, ni da ke duka.” Ta ɗaga hannayenta, yatsun duk sun kanannaɗe da ciwon gaɓɓai. “Da ni zan daka miki, amma dubi abin da ya rage. Ni ma shekara shida ke nan na roba nake ci, kuma in kika faɗa wa wani sai na ce ƙarya kike.”

Ta ɗauko robar kayan kori mai jan murfi, da gwangwani biyu na madarar kwakwa, da 'yan ƙananan gauta, da ganyen lemun tsami, da damin ɗoɗɗoya, ta zuba a leda ta tura mata.

“Sauran ai kin sani. 'Yar Sangwan ce ke, ba sai wani ya koya miki ba.”

Kerryn ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ga mata biyu a bayanta, duk abokan kasuwar uwarta, sun zuba mata ido suna murmushi. Kunya ta rufe ta. “Na sani, Pa,” ta ce, ta ɗauki leda ta fita.

Ba ta sani ba, ko kaɗan. Kuma da ta daure ta tambaya, da minti ɗaya ya isa.

Lahadi da hantsi ta ɗora shinkafa, ta yanka kaza, ta ɗauki gwangwani tana karanta abin da aka rubuta a jikinsa. An ce a girgiza sosai kafin a buɗe. Ta kuwa girgiza shi iya ƙarfinta, ta girgiza na biyun, ta juye su a tukunya, ta kamfato kayan kori cokali uku ta jefa a ciki, ta bi da kaza da gauta, ta rufe ta bar shi yana tafasa.

Wayyo Kerryn! Ai ba a girgiza gwangwanin nan. A tsanake ake buɗe shi, a kwashe kaurin da ya taru a sama, a ɗora shi shi kaɗai a wuta har ya tsinke ya fitar da mai. A cikin wannan man ake soya kayan korin, a yi ta juyawa har ƙamshi ya sa mutum atishawa, sannan a sa nama, sannan ruwan madarar ya biyo baya. Ko na roba ne, in aka bi shi ta haka yakan rufa asiri, miya ta fito da jan mai yana yawo a kanta. Ta Kerryn kuwa fari-fari ta fito, kamar kunun da aka ɗiga wa jan kala, ɗanyen barkono yana karce maƙogwaro. Ta ɗanɗana ta san akwai matsala, amma ba ta san inda take ba. Ta ƙara sukari. Ta ƙara romon kifi mai gishiri. Ta tsaya a gaban murhu ta yi kukanta ta share, ta sake ƙara romon kifin. Da ta duba agogo sha biyu ta gota, sai ta juye a kwano ta rufe.

Ta tarar da Sangwan a kujera kusa da taga, ta ƙanƙance, abin hannunta na zinariya ya zame har gwiwar hannu. Ga farantin dankalin rana a gefe, ba a taɓa shi ba. Kerryn ta durƙusa ta gaishe ta da ɗan yaren uwar da ya rage mata, irin na yara. Sangwan ta amsa da ladabi, yadda take amsa wa masu shara da masu ba da magani.

Kerryn ta zuba shinkafa, ta buɗe kwanon miya. Sai ga kan tsohuwa ya juyo. Hancinta ya motsa. Kerryn ta zuba mata ido, don rabon da uwarta ta juyo saboda abinci har ta manta.

Sangwan ta leƙa kwanon, ta karkata shi da ɗan yatsa ɗaya.

“Ina man?”

“Wane mai?”

“Man da ke tasowa a kai. Kin girgiza gwangwani.”

“Haka aka rubuta a jiki.”

“An rubuta! In aka rubuta ki faɗa rijiya sai ki faɗa?” Ta sake shinshinawa, ta yamutsa fuska. “Kuma na roba ne. Ɗauke.”

Ta ture farantin, ta damƙe bakinta, ta mayar da fuska taga.

Shi ke nan, ta ƙare. Gobe Litinin, ga takarda, ga biro. Kerryn ta so ta tashi ta fita kafin kuka ya ƙwace mata, amma ba ta tashi ba. Nan ta zauna a ƙasa da cokali a hannu, ta kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunta suna rawa.

Can sai ta ji hannu a kanta, mara nauyi. Sangwan ba ta taɓa iya ganin baƙo cikin kunya a gabanta ta yi shiru ba, kuma ciwo bai cinye wannan ba.

“Ke, yarinya. Daina. Ba zagin ki na yi ba. Ke kika dafa?”

“Ni ce.”

“Shekararki nawa?”

“Arba'in da ɗaya.”

“Arba'in da ɗaya, ba ki iya fitar da man kwakwa ba?” Babu faɗa a muryar, tausayi ne zalla. “Ba ki da uwa ne?”

Kerryn ta ɗago ta dubi fuskar da ta fi sani a duniya.

“Ina da ita. Ba ta da lafiya.”

“Ayya. Shi ya sa.” Sangwan ta girgiza kai, ta share mata hawaye da bayan hannu. “To kawo in ci, kada wahalarki ta tafi a banza. Shinkafar ta fi yawa, miyar kaɗan.”

Kerryn ta ɗebo. Tsohuwa ta buɗe baki ta karɓa, ta tauna a hankali, ta runtse ido saboda gishiri, ta haɗiye. Ta karɓi na biyu. Ta karɓi na uku ta ce gautar ba ta nuna ba, amma ba komai. Kerryn tana ƙirgawa a zuci, tana tsoron ko numfashi mai ƙarfi ta yi abin zai tsaya. A cokali na bakwai Sangwan ta riƙe mata wuyan hannu.

“In uwarki ta warke, ki ce ta koya miki. Ki zauna kusa da ita ki sa ido, kada ki yi ƙiwa. Kin ji ko?”

“Na ji, Mae,” in ji Kerryn, ta ɗebo na takwas.